Jarin Sanam ƙafa huɗu gare shi, ko taya biyu



Akwai kalmar da manyanmu suka ƙaunata shekarun nan, da wuya a gama jawabi ba a sako ta ba: juriya. Talakan Nijar mai juriya ne, ƴan kasuwarmu sun nuna juriya, tattalin arzikinmu ya jure takunkumi. Ban musa ba. Amma ni ɗan Sanam ne, kuma duk sanda na ji ana yabon juriyar ƙananan ƴan kasuwa a talabijin sai in tambayi kaina, wa ya biya kuɗin wannan juriyar? Don an biya. Wani ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, wata ta cinye jarinta a tukunya, wani ya kulle shago ya hau motar Lome ko ta Agadas.

Maganata yau guda ce. Gwamnati, ta jiya da ta yau, tana da asusai da ofisoshi na tallafa wa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, waɗanda ake kira PME. Sai dai tallafin ba ya isowa Kurfai da saurin da dokokinta ke isowa. Doka kwana ɗaya take yi a hanya. Tallafi yana can Yamai yana jiran dosiye.

Ga wanda bai san wajen ba: ka bar Yamai ta hanyar Balleyara, ka bi Dallol Boso har Filinge, wajen kilomita 180. Daga can hanyar Tawa za ta kai ka Sanam kafin ka isa Tebaram. Tun 2011 komin ɗinmu yana cikin gundumar Abala, wadda ke iyaka da Mali. Gero da wake muke nomawa, kuma ƙasar kiwo ce. A Tukunus, arewa da Filinge, ake renon shanun Azawak tun zamanin Turawa, cukunmu kuma har Yamai an san shi. Idan ka ce mini in nuna maka PME a garinmu, zan nuna maka dillalin dabbobi, mahauci, mai injin niƙa, tela, mai faci, yaron da ke cajin wayoyi da sola, ɗan kolin da ke bin kasuwanni, da matar da ke turke rago biyu a bayan ɗakinta. Ba mai hatimi a cikinsu, ba mai akanta. Amma kowannensu yana ciyar da gida, wasu har da yaran aiki, kuma da ribarsu ake sayen maganin zazzaɓi da littafin lakwal. Ka duba jarinsu da kyau, ko dai yana tafiya da ƙafa huɗu, ko yana gudu da taya biyu. Ka riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Mu fara da taya biyun. A watan Maris na 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin Tilaberi da Tawa, har da Abala. Aka rufe wasu kasuwanni, aka taƙaita zirga-zirga. Daga 1 ga Janairun 2020 aka hana hawan moto dare da rana a yankin. An ɗage hanin a Satumban 2021, ba a yi wata biyu ba aka maido da shi a wurare da dama.

Ba na cikin masu cewa dokar ba ta da dalili. Mu muka ji harbin. Ranar 25 ga Disamban 2019, a nan ƙasar Sanam aka yi wa jami'an tsaro da ke rakiyar masu rajistar zaɓe kwanton ɓauna, aka kashe 14. Ga Inates, ga Cinagodar, duk cikin ƴan makonnin. A Maris na 2021 mutanen da ke dawowa daga kasuwar Banibangu aka tare a hanya, aka kashe gommai, laifinsu kawai sun je cin kasuwa. Maharan bisa moto suke zuwa, kowa ya sani. To, an hana moto. Tambayata ita ce: a ranar da aka sa hannu a takardar, wa ya zauna ya ƙirga mutum nawa ke ci daga moto?

Bari in ƙirga muku. Akwai ɗan kabu-kabu, wanda galibi bashi ya ci ya sayi moton, ko ɗan uwansa da ke cirani ya turo masa. Akwai makaniki da yaransa. Akwai mai shagon kayan gyara, mai faci, mai sayar da isansi a kwalba. Sannan akwai waɗanda moto ba sana'arsu ba ce amma ita ce ƙafar sana'ar: ɗan kolin da kan ci kasuwa uku ko huɗu a mako ya koma cin ɗaya da amalanke, mai nono da ke kawowa daga ruga da sassafe kafin ya lalace, dillalin da ke zagaya ƙauyuka ya ga dabba kafin ranar kasuwa. Duk waɗannan jarinsu ya tsaya cak a rana guda. Moton da aka jingine a zaure ba ya haihuwa, tsatsa yake, bashinsa kuma bai san dokar ta-ɓaci ba. Ni ban ga wanda aka kira aka ce masa, ga abin da za ka riƙa kafin lamari ya lafa ba. Kuma mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya: saurayin da aka raba da abin yinsa, a yankin da masu bindiga ke neman yara da kuɗi a hannu, ba a ƙara wa tsaro komai da zamansa ba.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa a Yamai a daidai wannan lokacin. A watan Mayun 2020, saboda korona, gwamnatin Issoufou Mahamadou ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar bankuna: miliyar 150 na sefa bashi ga kamfanoni, gwamnati na tsaya musu. Miliyar 100 na manyan kamfanoni, miliyar 50 na ƙanana da matsakaita. Wata biyar ke nan da tsayar da motocinmu masu taya biyu. Kamfanin da korona ta rage wa ciniki an san da shi, an yi masa taga. Ɗan kabu-kabun da takardar gwamna ta kashe wa sana'a gaba ɗaya ba ya cikin lissafi, don a idon takarda shi ba kamfani ba ne.

Kuma ba a rasa asusai ba. BAGRI, bankin manoma, tun 2011. FISAN, na zuba jari a harkar abinci, tun 2017. Ga FDIF, ga FONAP da aka kafa musamman don PME, ga Maison de l'Entreprise inda ake rajistar kamfani a wuri guda. Duk suna nan, kuma na san akwai ma'aikata na ƙwarai a cikinsu da ke aiki da zuciya ɗaya. Matsalar tana bakin ƙofa. Kusan duk hanyar ta banki take bi, banki kuma yana da tambayoyinsa.

Wani abokina tela, mai keke huɗu da yara shida, ya taɓa zuwa wani banki a Yamai neman kuɗin ƙara keken zubi da sola, na raka shi don in karanta masa takardu. Aka ce ya kawo lambar haraji, rajistar kasuwanci, lissafin shekarun baya, tsarin kasuwanci a rubuce, da takardar mallakar fili a matsayin jingina. Da muka fito ya dube ni ya ce: "Aboki, in da ina da duk abin ga da sunka lissafa, mi zan zo nema wurinsu?" Gidan da yake ciki na gado ne, kakansa ya gina, duk gari shaida ne, amma ba takarda. Ko da akwai takardar ma, wane banki ne zai karɓi gida a Sanam jingina a wannan zamani? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, haka ne. Amma aikin asusun gwamnati ai shi ne ya zama ruwan cikin wanda ba shi da shi. Idan wanda banki zai ba bashi dama shi ne asusun ke tsaya wa, to banki aka tallafa wa.

(Ban ma shiga zancen atiliye ba. Duk wanda ya yi jami'a ya san su: kwana uku a otel, a koya maka rubuta tsarin kasuwanci, a ba ka takardar shaida da kuɗin mota, a ɗauki hoto. Ina da irin takardun nan har uku a akwati.)

Sai 2023. Bayan 26 ga Yuli, CEDEAO da UEMOA suka sa mana takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cira daga kuɗinsa. Wannan zalunci ne a kan talaka, na faɗa a lokacin, ina kuma maimaitawa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina cikin ayarin motoci da rakiyar soja. Kowace rana da kamiyo ya ƙara a hanya, mai shagon Sanam ne ke biyan ta a kan katan ɗin sabulu da buhun shinkafa, shi da yake ƙarshen layi. A gefe guda naira ta faɗi, Alhazan Najeriya da ke sayen dabbobinmu kuɗinsu ya rage daraja, farashin da suke tayawa ya bi shi. Daga arewa kuma masu bindiga na kora garke, suna karɓar abin da suke kira zakka, dabbobin da ke gangarowa daga wajen Menaka suka ragu.

Adalci ne in faɗi abin da mahukuntan yanzu suka yi da ya taɓa aljihun kowa. A 2024 an rage kuɗin isansi daga 540 zuwa 499, na gazuwal daga 668 zuwa 618. An rage kuɗin siminti, an rage kuɗin asibiti. Mai injin niƙa ya ji saukin gazuwal a jikinsa ba tare da ya cika ko takarda ɗaya ba. Wannan ma darasi ne: tallafin da ya iso garinmu shi ne wanda bai bi ta taga ba.

Amma ga ƙafa huɗun. A Oktoban 2024 aka hana fitar da hatsi waje, har da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina. A Mayun 2025, saura ƴan makonni sallar layya, ma'aikatar kasuwanci ta hana fitar da dabbobi. Niyyar a fili take: a sauƙaƙa wa magidanci abinci da ragon layya. Ministan, Abdoulaye Seydou, daga cikin ƙungiyoyin farar hula ya fito, ya san kukan tsadar rayuwa, mu ma tare muka yi ta yin sa. Ba na zargin niyyar. Lissafin nake so mu yi tare, mu da ke cin ragon a birni.

A ce mace ta sayi ɗan rago jika 40 bayan kaka. Wata biyar ko shida tana zuba masa dusa, harawa, kowar wake, gurya, ga kanwa, ga allura, ga ruwan da take ɗebowa. A ce duk wannan ya ci jika 35. Ba don ta ci nama take wannan wahala ba. Tana jiran makonnin nan na kafin layya da dillalai ke lodin raguna zuwa Abijan, Kwatano da Najeriya, lokacin da masu saye suka fi yawa kuma farashi ya fi kyau a duk shekara. A kan wannan farashin ta ci bashin dusa. Sai a wayi gari rediyo ya ce an rufe ƙofa. Ragunan da za su fita duk suka dawo kasuwannin gida, Balleyara ta cika, mai saye ya samu bakin magana. Ma'aikaci a Yamai ya samu rago da sauƙi, madalla. Amma sauƙin nan ba daga baitulmali ya fito ba. Daga bayan ɗakin matar can ya fito. Ita ta tallafa mana, ba a tambaye ta ba, ba a kuma gode mata ba. Haka manomin wake: wake shi ne abin da yake sayarwa ya samu kuɗi a hannu don kada ya taɓa geron rumbu, kuma babbar kasuwarsa Najeriya ce.

Za a ce mini, to a bar ɗan ƙasa ya kasa layya don wasu su ci riba a waje? A'a. Gwamnati tana da ikon ta ce abincin ƙasa ya tsaya a ƙasa. Abin da ba daidai ba shi ne a faɗa bayan mutane sun gama zuba jari, kuma a bar musu asarar su kaɗai. Idan za a rufe, a faɗa tun kaka, kowa ya san rago nawa zai turke. Idan an rufe, to a saya: OPVN dama tana sayen hatsi don ajiya da sayarwa da rahusa, sojoji na cin nama kullum, makarantu masu kantin na dafa wake. A sauko da wannan ciniki kasuwannin Filinge, Abala da Sanam, a saya hannun ƙungiyoyin manoma da makiyaya a farashin da aka sanar, a biya nan take. Kar a ba babban ɗan kwangila a Yamai ya zo ya tsince a wulaƙance ya kai wa gwamnati da tsada. A kai dusa da gurya masu rahusa a kan lokaci, tun ana turke, ba bayan an yanka ba.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne, ba mu da buƙatar aro dabara daga ko'ina. A Maraɗi, a 1991, aka fara Mata Masu Dubara da taimakon ƙungiyar CARE: mata su taru mako-mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati, su ba juna bashi, su raba a ƙarshen zagaye. Yau ana wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, daga wurinmu aka koya. Haka warantaji, wato jinginar hatsi, da aka gwada a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 tare da FAO. Da kaka, lokacin da tiya ba ta da daraja, ƙungiya ta zuba buhunanta a sito, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya hannun ƙungiya, ɗaya hannun mai ba da bashi. A ba manoma wani kaso na kuɗin hatsin su yi sana'ar rani, kiwo ko lambu ko koli. Kafin damina su biya, a buɗe sito, hatsin ya yi tsada, ko su ci ko su sayar. Ba takardar fili, ba akanta. Buhu ne jingina, mutunci ne shaida. A nan ya kamata kuɗin garanti na gwamnati ya sauka, ya tsaya wa ƙungiya kamar yadda yake tsaya wa kamfani, har da asarar da hari ya jawo, don ita ce asarar da ke sa kowane mai ba da bashi gudun yankinmu.

Na san me ya sa mutane ke ɗari-ɗari. Tun da aka sa ASUSU, babbar cibiyar ƙananan basussuka ta ƙasar nan, ƙarƙashin kulawar hukuma a 2018, masu ajiya da yawa suka koma ɗaure kuɗinsu a ƙafar akuya. Doka ta yarda irin waɗannan cibiyoyi su kai ruwan bashi har 24 cikin ɗari a shekara. Wace sana'a ce a Sanam za ta biya wannan ta bar maka na cefane? Kuma akwai dattawan kasuwa da ko kyauta ka haɗa musu da ruwa ba za su taɓa ba, saboda addini. Tsarin da za a sayi keken ɗinki ko injin a sayar maka da riba sananna, ka biya sannu a hankali, akwai shi, bankin Musulunci na yin sa a Yamai. Wanda ke tsara tallafi bai sa wannan a gaba ba, bai san wa yake tsara wa ba.

Sannan a daina cewa mutanen nan ba sa cikin tsari. Ranar kasuwa mai tikiti ba ya kuskuren rumfa. Kowace dabba da aka sayar akwai abin da komin ke karɓa. Mai shago na biyan patanti. Tun da aka kafa asusun ceton ƙasa a Oktoban 2023, dala biyun da ake cira a kan kuɗin waya ba ta tambayar ko kana da rajistar kasuwanci. Wurin karɓa an san su sarai. To wannan rasit ɗin da ke hannunsu ya zama takardarsu. Wanda ya shekara uku yana biyan tikitin rumfa ɗaya, wannan tarihin ciniki ne, ya fi tsarin kasuwancin da aka biya wani ɗalibi ya kwafo daga intanet. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun komin, kantomomi ke riƙe da garuruwa. Ba abin da zai hana kantoma ya zauna da sarkin kasuwa, sarkin fawa, shugaban dillalai da shugabannin mata su rubuta wa ke sana'ar me. Littafi ɗaya da biro ya isa. Ranar da tsaro ya sake tilasta rufe kasuwa ko hanya, a san sunan waɗanda za a yafe wa patantin shekarar, a san waɗanda za a ɗage wa biyan bashi.

Mu kuma na birni, masu digiri da waya a hannu, akwai namu. Duk sanda aka ce tallafin matasa ƴan kasuwa, hoton da ke zuwa mana shi ne saurayi da kwamfuta a ofis mai sanyi. Ina taya su murna, wasu abokaina ne. Amma da yawanmu da kuɗin rago aka biya mana rajistar jami'a, ta Nita ko Al Izza aka turo daga ƙauye. Mu muka iya Faransanci, mu muka san inda ofisoshin suke. Abu mafi sauƙi da za mu nema, kuma ba laifi ba ne a kowace doka, shi ne lissafi: FONAP, FISAN, FDIF da BAGRI su wallafa, gunduma bayan gunduma, mutum nawa ko ƙungiya nawa suka samu, nawa aka ba su. A sa Yamai a layi ɗaya, a sa Filinge, Abala, Banibangu da Wallam a ƙasa. Idan adadin ya yi kyau, ni zan fara yaɗa shi a wannan shafi.

Kafin nan akwai abin da ba ya jira. Da an gama girbi mata za su fara zagaya kasuwa suna taya ƙananan raguna, masu dusa za su fara ba da bashi, manomi zai yanke shawarar buhun wake nawa zai ajiye. Idan akwai niyyar sake rufe ƙofar fita kafin layya mai zuwa, ma'aikatar kasuwanci ta faɗa yanzu, a gidajen rediyon karkara, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, tun kuɗin suna ɗaure a bakin zane.